Hausa ko Turanci? Gardamar Aji da Muka Gada Daga Kakanni

A watan Nuwamba na 2025, ministan ilimi na Nijeriya, Dakta Tunji Alausa, ya tsaya gaban wani taro kan harshe da ilimi a Abuja, ya sanar da cewa gwamnatin tarayya ta soke manufar koyar da yara da harshen uwa. Daga yanzu, in ji sanarwar, Turanci ne harshen koyarwa tun daga ajin rainon yara har jami'a. Dalilin da ya bayar shi ne yawan faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a yankunan da ya ce sun fi riƙo da harshen gida a aji.

Ba a kwana biyu ba magana ta cika wayoyinmu. A Facebook da X da zaurukan WhatsApp muka rabu gida biyu. Wasu daga cikinmu suka ce an yi wa harsunanmu yankan ƙauna, suna kawo misalin Sin da Japan da Jamus, waɗanda suka ci gaba da harsunansu. Wasu kuma suka ce gara da aka yi haka, domin ɗan Arewa ya gaji da zama a baya, kuma babu ofishin da zai ɗauki mutum aiki don ya iya Hausa. Aka yi ta jifan juna da baƙar magana, wannan ya kira wancan bawan Turawa, wancan ya kira wannan maƙiyin ci gaba. Abin dariya, mafi yawan gardamar da Hausa muka yi ta, har da masu goyon bayan Turancin.

Bayan mako ɗaya wani labarin ya taso, muka koma kansa. Yarinyar da ke zaune a ƙasa a aji biyu na firamare, tana maimaita abin da malam ya faɗa ba tare da ta san ma'anarsa ba, tana nan inda muka bar ta. Saboda ita ne ya kamata mu waiwaya baya, domin wannan gardama ta girmi wayar da muke yin ta a kai da fiye da shekara ɗari. An ce waiwaye adon tafiya.

Kafin zuwan boko

Kakanninmu sun fuskanci wannan tambaya tun kafin Bature ya taka ƙasar Hausa. Ilimin da suke nema yana cikin Larabci, mutanen da za a koyar kuwa Hausa da Fulatanci da Barbarci suke ji. Mafitar da suka samo har yau tana nan a zaurukan malamai: ɗalibi ya karanto Larabci gaɓa-gaɓa, malam ya fassara masa da harshen gari, ya yi bayani, ya kawo misali daga kasuwa ko gona. Larabci ne harshen littafi, Hausa ce harshen fahimta. A Borno ma malamai sun daɗe suna da wani tsohon salon harshe da ake kira Tarjumo, wanda suke fassara Alƙur'ani da shi. Ba mu taɓa jin wanda ya ce fassarar malam ce ta hana ɗalibi iya Larabci ba. Ta wannan hanyar ce aka samar da alƙalai da marubutan da suka wallafa littattafai da Larabcin kansa.

Jagororin jihadin ƙarni na 19 sun ƙara wani mataki. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙaninsa Abdullahi da 'ya'yansu sun rubuta manyan littattafansu da Larabci, amma da suka so saƙo ya isa ga makiyayi da manomi da matar kulle, sai suka koma ga waƙa cikin Fulatanci da Hausa, a rubutun ajami. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta tsara ƙungiyar 'yan taru, inda jajoji suke zuwa wurinta su ɗauki karatu, su koma ƙauyuka su koyar da mata da harshen da suke ji. A yau masana ilimi suna da dogayen sunaye na irin wannan tsari. Ita dai ta san cewa mutum ba ya koyon abin da bai fahimta ba.

Ɗan Hausa da tsani mai hawa biyu

Bayan Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903, sai suka tarar da al'umma mai rubutu da karatu, amma da baƙaƙen da yawancin jami'ansu ba su iya ba. Gwamnatin Lugga ta zaɓi a rubuta Hausa da baƙaƙen Rumawa, abin da muke kira boko. Mutane da yawa suna ɗauka kalmar ta fito ne daga kalmar Turanci ta littafi, amma masanin harshe Paul Newman ya kawo hujja a 2013 cewa tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin abin da ba na gaske ba, kamar yadda ake cewa amaryar boko. Sunan kaɗai ya isa ya nuna irin kallon da kakanninmu suka yi wa sabon karatun.

A 1909, Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati ta farko a Nassarawa, bayan ganuwar Kano. Gidansa yana nan har yau. Da Hausa ake koyar da lissafi da labarin ƙasa da kiwon lafiya a makarantar, kuma shi ne ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa na boko a 1912. Daga baya Vischer ya zama sakataren kwamitin da ke ba gwamnatin Ingila shawara kan ilimi a ƙasashen Afirka da take mulka, kwamitin da ya fitar da takardar 1925 mai goyon bayan fara karatu da harshen gida.

Tsarin da ya kafu a Arewa tsani ne mai hawa biyu. A elementare yaro zai yi shekara huɗu yana karatu da Hausa. Ƙalilan da aka zaɓa su wuce midil, inda Turanci yake karɓar ragama. Ƙalilan daga cikin ƙalilan su tafi Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, inda aka ba Turanci muhimmanci ƙwarai. Daga nan Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Abubakar Imam suka fito. Masu son Hausa a cikinmu sukan ce: ga Tafawa Ɓalewa, da Hausa ya fara, amma Turancinsa ya burge Turawa. Gaskiya ne. Masu son Turanci kuma sukan ce: yara nawa ne aka bari a hawan farko, ba su taɓa ganin na biyu ba? Wannan ma gaskiya ne.

A nan tushen zargin yake. Gwamnatin mulkin mallaka ba ta so a samu a Arewa irin lauyoyi da 'yan jaridar Legas masu Turanci da suke damun ta da ƙorafi. Ta taƙaita shigar mishan cikin masarautun Musulmi, ita kuma ba ta gina makarantu masu yawa ba. Da lokacin 'yancin kai ya matso, sai aka wayi gari kujerun akawu da jirgin ƙasa da gidan waya a Arewa yawancinsu suna hannun waɗanda suka yi Turanci a makarantun mishan na Kudu. Iyaye suka lura da wanda yake samun albashi. Tun daga lokacin wani tunani ya zauna a zukata: duk wanda ya ce a koyar da ɗanka da Hausa, so yake ya tsaya a ƙasa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Idan muka ga uba talaka yana cire kuɗin cefane don ya kai ɗansa makarantar kuɗi da aka ce ana jin Turanci, kada mu yi masa dariya. Tarihi ne yake magana ta bakinsa.

Abin da Zariya ta nuna

Sai dai zamanin Turawan ya bar mana wani darasin da ya saɓa wa wannan tsoro. Sun gane cewa koyarwa da Hausa ba ta yiwuwa sai da littattafai, sai suka kafa hukumar fassara wadda ta zauna a Zariya, daga baya ta zama Hukumar Talifi ƙarƙashin Dakta Rupert East. Gasar rubutun da ta shirya a 1933 ce ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Ƙamus ɗin Bargery ya fito a 1934. Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce domin 'yan makaranta su sami abin karantawa mai daɗi. A Janairun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, a 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya. East da Imam sun kuma rubuta Ikon Allah, littattafan da suka yi bayanin halittu da kimiyya da Hausa. Wanda yake cewa Hausa ba za ta ɗauki kimiyya ba, ya nemi waɗannan littattafai ya duba shekarunsu.

A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, ta kafa hukumar NORLA a 1954 domin buga littattafai da ƙananan jaridu, ba da Hausa kaɗai ba, har da wasu harsunan Arewa kamar Fulatanci da Barbarci da Tibi da Nufanci. A 1955 aka kafa Hukumar Harshen Hausa don daidaita rubutu da kalmomi. Manya da yawa da ba su taɓa shiga aji ba sun koyi rubuta wasiƙa da karanta rasit a wannan zamani.

Abin lura shi ne jerin aikin. An tanadi marubuta, da injin ɗab'i, da ƙamus, da ƙa'idar rubutu, da motocin kai littattafai kasuwanni. Duk lokacin da koyarwa da harshen gida ta yi tasiri a tarihinmu, za mu tarar wani ya biya kuɗin takarda da tawada. NORLA ba ta kai 1960 ba aka rufe ta.

'Yancin kai da bulalar banakula

Mun karɓi mulkin kai a 1960 da harsuna sama da ɗari biyar. A majalisar Jihar Arewa ana magana da Hausa da Turanci, amma a tarayya lamarin ya fi wuya. A 1961 aka yi zazzafar muhawara a majalisar tarayya kan batun harshen ƙasa, aka ambaci Hausa, Cif Anthony Enahoro ya tashi ya yi adawa mai ƙarfi a matsayinsa na ɗan ƙaramar ƙabila da ke tsoron a danne harshensa da al'adarsa. Turanci ya ci gaba da zama a kujerarsa, domin shi ne harshen da babu ƙabilar da za ta ce nata ne.

Wannan gaɓa ce mu Hausawa muka fi saurin tsallakewa a gardamarmu ta waya. Idan muka ce harshen uwa, Hausa muke nufi. Amma yaron Bajju a kudancin Kaduna, da na Birom a Filato, da na Tangale a Gombe, da na Bura a kudancin Borno, da ɗan Fulanin ruga, kowannensu yana da uwa, kuma ba lallai Hausa take yi masa ba. Akwai ƙananan harsuna a Bauchi da Filato da suke mutuwa a yau, kuma Hausa ce take haɗiye su. Mutumin da ya ga jikokinsa sun daina jin harshen kakansa saboda Hausa yana da dalilin jin tsoro idan ya ji muna murnar za a koyar da harshen muhalli. Ba za mu nemi adalci ga Hausa a gaban Turanci ba, alhali muna kawar da kai daga abin da Hausa take yi wa na ƙasa da ita.

A cikin makarantu kuwa, wani abu ya samu gindin zama wanda da yawanmu muka ɗanɗana. Mun tuna monita da 'yar takardarsa yana rubuta sunayen masu yin banakula. Mun tuna tarar kwabo, da bulala, da sharar fili. Abin da dokar ta koya mana shi ne shiru. Wanda bai gane darasi ba ba zai ɗaga hannu ba, domin tambayar da ke bakinsa da Hausa take, Hausa kuwa laifi ce. Mun haddace ma'anar kalmomin kimiyya kamar karatun aku, mun zuba su a takardar jarrabawa, mun fito mun manta. Waɗanda suka tsira daga cikinmu su ne yau suke rubutu a intanet. Waɗanda suka gudu daga makaranta a aji huɗu ba sa cikin gardamar, kuma sun fi mu yawa.

Gwajin Ife da na Damagaram

Tun 1953 hukumar UNESCO ta fitar da rahoton da ya ce harshen uwa ne ya fi dacewa a fara koyar da yaro da shi. Wanda ya gwada maganar a ƙasarmu shi ne Farfesa Aliu Babatunde Fafunwa na Jami'ar Ife. Daga 1970, shi da abokan aikinsa suka ɗauki wasu azuzuwa a wata firamare a Modakeke, aka koyar da yara dukkan darussa da Yarabanci har shekara shida, Turanci kuma yana matsayin darasi guda. Wasu azuzuwan suka bi tsarin da aka saba, wato Yarabanci shekara uku sannan a juya zuwa Turanci. Aka faɗaɗa gwajin zuwa wasu makarantu, aka bi sawun yaran. Rahoton da aka buga a 1989 ya nuna cewa yaran Yarabanci ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, kuma sun yi fice a wasu darussan.

Masu son harshen uwa suna yawan ambaton Ife, amma sukan manta da rabin labarin. Aikin ya sami tallafin Gidauniyar Ford. An zauna an rubuta littattafan lissafi da kimiyya da Yarabanci, an ƙirƙiro kalmomi, an horar da malamai. Ajin gwajin farko kuma ƙwararren malamin Turanci aka ware masa. Wato yaran sun sami abu biyu a lokaci guda: darasi da harshen da suke ji, da Turanci daga bakin wanda ya iya shi. Fafunwa ya zama ministan ilimi daga 1990 zuwa 1992, amma ko shi bai iya mayar da gwajin Ife tsarin ƙasa ba.

Maƙwabtanmu na Nijar sun bi tasu hanyar. Faransa ba ta yarda da harshen gida a aji ba, Faransanci ne tun ranar farko. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara suke farawa da Hausa kafin a shigo da Faransanci, daga baya aka ƙara Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci. Shekaru suka yi ta wucewa makarantun suna amsa sunan gwaji. A 2025 sabon kundin da gwamnatin soja ta fitar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Turanci kuma harsunan aiki. Cikin shekara guda ke nan Yamai ta ɗaga Hausa sama a takarda, Abuja kuma ta sauke harsunan gida daga aji. Yaran Maraɗi da na Katsina 'yan uwan juna ne, kuma abin da zai raba makomarsu shi ne wanda aka kai wa littafi da malami.

Manufa a takarda

A 1976 aka fara shirin UPE na ba kowane yaro ilimin firamare kyauta. Yara suka cika makarantu fiye da yadda aka yi hasashe, aka ɗebo malamai cikin gaggawa, wasu da ɗan gajeren horo. A shekarar ce aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don cike giɓin. A 1977 aka fitar da Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda ta ce a fara koyarwa da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin, daga baya a koma Turanci. An sake duba manufar a 1981 da 1998 da 2004 da 2013. Bugun 2004 ya fayyace cewa shekara uku na farko da harshen muhalli, daga aji huɗu Turanci ya karɓa. An kuma so kowane ɗalibin ƙaramar sakandare ya koyi ɗaya daga cikin Hausa da Ibo da Yarabanci ban da nasa. Kundin tsarin mulki na 1999 ma, a sashe na 55, ya ce za a gudanar da aikin majalisar tarayya da Turanci, da kuma waɗannan harsuna uku idan an yi tanadin da ya dace. Har yau ana jiran tanadin.

Mu tambayi kanmu da gaskiya: a cikinmu wa ya taɓa riƙe littafin lissafi na aji biyu da aka rubuta da Hausa, wanda gwamnati ta raba? Abin da yawancinmu muka gani shi ne littafi da Turanci, idan ma akwai shi, allo da Turanci, jarrabawa da Turanci, bakin malam kuma da Hausa. Malam ya karanta jimla, ya ga idanun yara sun yi fari, ya juya ya yi bayani da Hausa. Ya koma ga dabarar malamin zaure ke nan, sai dai shi ba a horar da shi a kanta ba, ba a ba shi kalmomin aiki ba, kuma yana yi yana jin kamar laifi yake aikatawa. Yaro ya fita bai iya karanta Hausa ba, domin ba a koya masa ba, bai kuma iya Turanci ba, domin bai ji shi sosai ba.

An yi ƙoƙari nan da can. A shekarun baya-bayan nan shirin Mu Karanta a jihohin Bauchi da Sakkwato, da shirin RANA a Katsina da Zamfara, sun samar da littattafan koyon karatu da Hausa ga ƙananan azuzuwa, sun horar da malamai. Amma da kuɗin masu ba da agaji na waje aka yi su, kuma mun san yadda irin wannan aiki yake ƙarewa idan mai kuɗin ya naɗe tabarmarsa.

Daga 2022 zuwa 2025

A ƙarshen Nuwamba na 2022, minista Adamu Adamu ya sanar da cewa majalisar zartarwa ta amince da Manufar Harshe ta Ƙasa: harshen uwa zai zama harshen koyarwa a dukkan shekaru shida na firamare. Shi da kansa ya amsa cewa aiwatarwa za ta ɗauki lokaci, domin sai an samar da kayan koyarwa da malamai. Mun yi murna a wayoyinmu, wasu sun yi tsaki. Shekara uku bayan haka aka soke ta, masu tsaki suka yi murna, masu murna suka yi tsaki.

Mu ɗan yi lissafi. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2023, bayan sanarwar Adamu Adamu, sai a 2035 zai zauna jarrabawar WAEC. Wanda ya zauna ta a 2025 kuwa tun wajajen 2013 ya shiga firamare. Don haka faɗuwar da ake magana a kai ba za ta zama laifin manufar 2022 ba. Idan kuma tsohuwar manufar shekara uku ake nufi, sai a fara nuna mana makarantun da aka aiwatar da ita da littattafai da horarrun malamai. Yankunan da suka fi faɗuwa a jarrabawa su ne kuma suka fi fama da talauci, da cunkoson aji, da ƙarancin malamai, da rufe makarantu saboda 'yan bindiga. Kafin a ɗora wa harshe laifi, sai an ware waɗannan gefe guda.

Akwai kuma tambayar da ke jiran masu murnar dawowar Turanci: wa zai koyar da shi? A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 ba su kai makin da ta gindaya ba. Ƙungiyar malamai ta ƙalubalanci yadda aka yi gwajin, amma babu wanda ya musa cewa akwai matsala. Sanarwar minista ba za ta sa Turanci a bakin malamin da bai da shi ba. Gobe da safe zai shiga aji ya ci gaba da abin da ya saba, ya karanta da Turanci, ya yi bayani da Hausa.

Masu goyon bayan harshen uwa ma akwai tambayarsu. Da yawa daga cikin masu zafin kare Hausa a intanet, 'ya'yansu suna makarantun kuɗi inda ake hukunta yaro in ya yi Hausa. Talaka yana gani. Muddin JAMB da takardar neman aiki da kotu da banki suna magana da Turanci, duk wanda ya ce wa talaka Turanci ba kome ba ne, yaudararsa yake yi. Sin da Japan da muke misali da su, da harsunansu suke shari'a da kasuwanci da binciken kimiyya, kuma sun kashe dukiya mai yawa wajen fassara ilimi.

Abin da tarihi ya bar mana

Daga zauren malam zuwa Ife, darasin bai sauya ba. Yaro yakan koyi karatu sau ɗaya ne, kuma ya fi saurin koyonsa da harshen da yake ji. Idan ya iya haɗa baƙi da wasali ya fitar da ma'ana da Hausa, zai ɗauki wannan ƙwarewa ya shiga Turanci da ita. Turancin kuma sai an koyar da shi da kyau, tun da wuri, a matsayin darasi, daga bakin wanda ya iya. Duk inda aka haɗa biyun an ga amfani. Mu kuwa mun shafe kusan shekara hamsin muna rubuta manufa muna gogewa, ba mu sayi littafin ba.

Hausa dai ba ta jira gwamnati ba. Marubutan adabin kasuwar Kano sun sa dubban mata karatu tun daga shekarun 1980, yau kuma labaran Hausa suna yawo a WhatsApp da Wattpad. Kowace 26 ga Agusta muna bikin Ranar Hausa, wadda aka faro a intanet a 2015. Amma mu dubi rubutunmu a waya: ƙ da k duk ɗaya, ɗ da d duk ɗaya, kalmomi a manne inda ya kamata a raba su. Muna son harshen, ba a koya mana rubuta shi ba.

Ilimin firamare yana hannun jihohi da ƙananan hukumomi ne ta fuskar gudanarwa ta yau da kullum, don haka ba sai mun jira Abuja ba kafin mu yi tambaya. Idan gardamar ta sake tasowa, kuma za ta taso, mu rage zagin juna, mu tambayi hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiharmu: littattafan koyon karatu nawa aka buga bana, da waɗanne harsuna, kuma sun isa makarantar ƙauyenmu? Malamai nawa aka horar kan koyar da karatu, nawa kan koyar da Turanci? Wane tanadi aka yi wa yaron da Hausa ba harshen gidansu ba ce? Kafin nan kuma akwai gwajin da kowannenmu zai iya yi yau da daddare. Mu kira yaron gidanmu da ke aji uku, mu ba shi layi biyu da Hausa, layi biyu da Turanci, mu ce ya karanta, sannan ya faɗa mana abin da ya gane.